Mai Lamba Tara

Shekarun baya, lokacin muna haya a hawa na biyar a unguwar Highbridge ta New York, na taɓa zama mai sharhin ƙwallo. Ni ɗin nan dai da kuka sani, wadda in maigida ya kunna wasa a talabijin sai in kwashi kayan ninki in koma ɗaki. Ku adana dariyarku tukuna, don ba ma ƙwallon da kuka saba gani ba ce.

A asibitin da nake aiki akwai wata nas 'yar ƙasar Ailan, ta girme ni da kusan shekara goma, gajeruwa, ga faɗa ga kirki. Ita ce kocin wata ƙungiyar 'yan mata masu buga wasan ƙasarsu, wanda suke kira ƙwallon Gelik. Ranar da ta fara nuna min a wayarta, ce mata na yi wannan ai rikici ne aka sa masa riga. Ana ɗaukar ƙwallon da hannu, a ruga da ita 'yan taku kaɗan, a buga ta da ƙasa ko a ɗan taɓa ta da ƙafa ta dawo hannu, a ci gaba da gudu. Ragar kuma tana da dogayen sanduna biyu da suka miƙe sama. In ƙwallo ta bi ta saman sandar tsakiya, maki ɗaya ne, in ta shiga raga ta ƙasa, maki uku. A ƙasarsu, in ji ta, gari kan watse a tafi kallo. A nan New York kuwa sai su da 'ya'yansu, kuma 'ya'yan ma sun fara gudu zuwa ƙwallon kwando.

Wata rana 'yata ta fari ta biyo asibiti ta karɓi makullin gida. Shekarunta goma sha biyar a lokacin, ta yi tsawo har ta wuce babanta. Abokiyar aikin nan tawa ta bi ta da kallo tun daga ƙofa har ta fita, sannan ta juyo.

"Wannan doguwar taki ce?"

"'Yar gidanmu ce," na ce, ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"To ki ara min ita ranar Asabar."

Maigida ya yarda da sharaɗin dogon wando da hijabi. Kafin shekara ta zagayo yarinya ta zama ita ce ƙashin bayan ƙungiyar. Lamba tara aka ba ta, a tsakiyar fili, inda ake son mai tsalle ta cafe ƙwallo a sama. Ta jawo ƙawayenta, 'ya'yan 'yan Nijar da 'yan Gana, har da wasu 'yan makarantarsu masu jin Sifaniyanci. Duk wannan a bakin mutane nake ji, don ko sau ɗaya ban je kallo ba.

Kun san mu da 'ya'yan fari. Ni gidan da na taso, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ana zancensa ma sai ta nemi abin yi. Haka na taho da abina Amurka, ban rage komai ba. A gida "ke" nake ce mata, in ina magana da babanta in ce "yarinyar nan". In an tambaye ni sunanta a makaranta ko wurin likita, takarda nake turawa gabansu. Ƙannenta biyu kuwa, wuni nake ina rafka musu kira har maƙwabta sun haddace. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abu ba, kamar yadda mutum ba ya lura da yadda yake tafiya.

Ana nan sai uwar ƙungiyar wasan, can ƙasarsu, ta ce za ta tallafa wa ƙungiyoyin waje da riguna da kuɗin hayar fili, amma sai sun nuna cewa wasan ya fita daga hannun 'yan Ailan kaɗai ya shiga wasu unguwanni. Abokiyata ba ta zauna ba. Ta nemo wani bawan Allah ɗan Zangon Gana mai gidan rediyon intanet a bayan wani kanti, suka ƙulla cewa zai haska wasanni biyu kai tsaye, da hoto da murya, da Hausa. Saura mai magana. Ni kuma bakina da ba ya ajiye sirri ya riga ya gaya mata cewa kafin aure na yi shekara shida ina karanta gaishe-gaishe a rediyo a Kano.

"Ni da ban san gaban wasan da bayansa ba?" na ce mata.

"Surutu nake nema," in ji ta. "Shi kuwa Allah ya ba ki, duk asibitin nan shaida ne."

Ba wanda ya kai yarinyar nan murna. Sati biyu muka yi a teburin kicin tana koya min. Ƙwayoyin wake ne 'yan wasa, cokula biyu ne sanduna, ƙwallo kuma 'yar ƙaramar albasa. In na yi kuskure ta kama kai ta ce, "Mama, wannan fa mai tsaron ragarmu kika tura gaba." Ta ɗauko takarda ta jera sunayen 'yan ƙungiyarsu daga ɗaya zuwa goma sha biyar, ta rubuta min kowanne yadda zan iya furtawa, don sunayen 'yan Ailan abin da aka rubuta daban, abin da ake faɗa daban. Sai na maimaita kowanne sau uku take barin mu wuce. Da muka zo na tara ta ɗora yatsa a kai tana murmushi.

"Wannan ba sai na koya miki ba."

Na yi dariya na ce mu je na goma. Wallahi ko a jikina.

Ranar wasan, Asabar da azahar, a wani fili can arewacin Bronx kusa da layin jirgi, aka kafa min teburi da laima. Ɗan Gana ya ɗora kyamara a kan ƙafafunta uku, ya maƙala min makirufo, ya ce, "Hajiya, bismilla, duniya na jin ki." Ina buɗe baki tsohuwar sana'a ta dawo kamar jiya na bari. In ƙwallo ta bi ta sama in ce ta tsallake katanga, in ta shiga raga in ce ta shige uwar ɗaki. Kowace yarinya na kira sunanta, wasu har da kirari. Wata 'yar firit mai jan gashi na ce mata barkono, wata 'yar Agadas mai gudu na ce iska ba ki da shamaki. 'Yan ɗaya ƙungiyar ma, da aka miƙo min takardarsu da safe, ban bar kowa ba.

Matsalar ita ce rabin wasan a hannun yarinyar nan yake. Duk ƙwallon da aka cillo sama ita ke cafewa. Sai na dinga cewa, "Mai lamba tara ta karɓa. Mai lamba tara ta miƙa." Ana saura kaɗan a tashi, ana kunnen doki, ta kwaso ƙwallo tun daga tsakiya, ta wuce mutum uku, ta ɗirka ta cikin raga. Fili ya kaure da ihu, abokiyata tana tsalle kamar ba ita ke kukan ciwon gwiwa ba. Ni kuwa ƙirjina kamar ya fashe don daɗi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Mai lamba tara ta ci. To, madalla." Daga nan na shiga gaida masu sauraronmu na unguwannin Park Hill da Stapleton.

Kafin mu kai tashar bas wayata ta cika da saƙonnin murya. Maƙwabciyata 'yar Nijar, wadda ɗiyarta ma ke cikin ƙungiyar, ta riƙe hannuna ta ce, "Vraiment, gaskiya kin cika ɗiyar gidan mutunci. Ɗiyarki ta zuba but a raga irin wannan, ke ko gezau! Mu dai Amirka ta lalata mu, ni har guɗa na yi." Kaina ya ƙara girma. A raina na ce ashe dai ban zubar da tarbiyya ba.

A cikin bas yarinyar nan ta zauna kusa da taga, ta sa abin ji a kunne, ta buɗe hoton wasan tun daga farko. Da fari tana ta dariya, tana taɓo ni tana cewa barkonon nan ya dace da mai shi. Can sai dariyar ta ragu. Na ga tana ja da hoton gaba, tana tsayawa, tana sake ja. Kafin mu sauka ta cire abin daga kunne ta naɗe shi, ta juya tana kallon titi. Na ɗauka gajiya ce.

Asabar ta zagayo ba ta je atisaye ba, ta ce tana da karatu. Ta gaba ma haka. Takalman ƙwallon da kullum nake faɗan a kwashe min daga bakin ƙofa, na neme su na rasa, ashe ta cusa su can saman kabad. A sati na uku abokiyata ta tare ni a ɗakin shan shayi na ma'aikata, ta rufe ƙofa.

"Ta turo min saƙo ta ce ta daina. Na tambaye ta dalili, ta ce in tambaye ki."

"Ni kuma? Me na yi?"

"Ban sani ba, ba na jin yarenku. Ba don wasan nake tambaya ba, ƙungiya za ta samu wata doguwar. Yarinyar ce ba na son yadda muryarta ta koma."

Ranar Lahadi da hantsi na zaunar da ita kitso. A nan ba mai yi mata sai ni, kuma na san in tana tsakanin gwiwoyina ta ba ni baya, magana ta fi sauƙin fita, tunda ba mai kallon idon wani. Na tsaga layi biyu, a na uku na ce, "Ke, me ya raba ki da ƙwallo?"

Da ta tashi magana da Turanci ta yi, yadda suka saba, mu yi musu Hausa su mayar mana da nasu.

"Na saurara sau huɗu, Mama. Kin faɗi sunan kowa. Kin faɗi na 'yan ɗaya ƙungiyar. Har alƙalin wasa kin faɗi nasa."

"To sai me?"

"Ƙawayena sun tambaye ni ko faɗa muka yi. Wata ta ce ko ke ba ke kika haife ni ba." Sai ta ƙara da cewa, "A gida na saba, na ɗauka haka bakinki yake. Amma ranar na ji ki da kowa. Ashe kin iya. Ba kya son a san ni 'yarki ce?"

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda aka taka masa inda yake ciwo. Na shiga yi mata bayani da faɗa-faɗa: wannan kara ce, girmamawa ce, duk wanda ya san gida ya ji wasan nan ya san ke ce tawa, saboda ke kaɗai na tsallake. Na ce ni ma 'yar fari ce, kuma Inna tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ga ni nan ban mutu ba.

Ta ɗan juyo da kai, har kitson ya kuɓuce min.

"Kin ji daɗi?"

Na mayar da kan nata gaba da ƙarfin da ya fi kima, na ce a gidanmu ba a yi wa uwa irin wannan tambayar. Haka muka ƙarasa kitson. Ya fito a karkace, ita ma ba ta ce a gyara ba.

Washegari lokacin hutun safe a wurin aiki na kira mahaifiyata a Kano. Gaskiya neman mai goya min baya nake, don na san in ana maganar kara, Inna ce malamar. Na zayyana mata komai, har da ƙarin gishiri, na ƙare da cewa 'ya'yan Amurka sai addu'a.

Inna ta bari na gama tsaf.

"Ƙanwarki ta nuna min wasan a waya," in ji ta. "Na ga yarinya tana tashi sama kamar ba ta taka ƙasa. Na kuma ji ki."

"To kin gani, Inna. Ai daidai na yi."

"Ke, tsaya in tambaye ki. Ranar da kika yi saukar Alƙur'ani, wa ya yi guɗa?"

"Goggo."

"Wa ya goya ki har ƙafarki tana jan ƙasa?"

"Kaka."

"Wa yake zuwa da tsire a takarda ya tsaya a zaure yana ƙwala miki kira, unguwa duk ta ji?"

"Kawu ne."

"To. Ni na kau da kai ne don gidan cike yake da masu faɗa a madadina. Abin da bakina bai faɗa ba, baki goma sun faɗa, ina daga ɗaki ina ji ina jin daɗi. Ke a can wa kika bar wa? Bango? Kin ɗauki murfi kin tafi da shi, kin bar tukunyar a Kano, sannan kina mamakin yarinya tana jin yunwa."

Na jingina da bangon baranda, masu tura gadon marasa lafiya suna wuce ni. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Gidanmu na Highbridge mu biyar ne, ba kaka, ba goggo, ba kawu. Babanta ma nasa salon karar yake yi. Shekara goma sha shida yarinyar nan tana zaune a gidan da ba wanda ya taɓa ɗaga murya ya yabe ta, ni kuma ina ganin tarbiyya nake ba ta. Tausayinta ya kama ni.

Na ce a hankali, "Inna, ke kin taɓa so ki kira ni?"

"Je ki, marasa lafiya na jiran ki," in ji ta, ta kashe wayar.

Sai dai gane kuskure daban, gyara shi daban. Kwana goma na yi ina fama da suna ɗaya. Ni da na haddace sunayen 'yan Ailan masu wuyar nan, na kasa fitar da wanda aka raɗa a ɗakina. Na gwada a banɗakin asibiti gaban madubi, ya fito kamar raɗa, na waiga ko wani ya ji. A gida in na ga ta shigo kicin sai in shirya, in ja numfashi, in buɗe baki, sai in ji na ce, "Ke, miƙo min gishiri." Sau uku ina karɓar gishirin da ba na buƙata. Maigida da ya gane abin da ake ciki ya ce, "Hajiya, in kika ci gaba a haka hawan jini zai kama mu duka gidan." Na ce masa shi ma ai bai fi ni ba.

Ranar wasa na biyu ta zo, wanda abokiyata ta ce mutanen can ƙasarsu za su kalla kafin su yanke shawara. Da safe na tsaya a ƙofar ɗakin yarinyar nan na ce, "Ba za ki zo ba?" Tana kwance da littafi, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce a gaida su. Na tafi ni kaɗai, jirgin ƙasa yana jijjiga ni, takardar sunayen da ta rubuta min tana cikin jaka.

Aka kafa teburi, aka maƙala makirufo. Na yi sallama, na fara karanto 'yan wasa. Ɗaya, biyu, har takwas. Rigar lamba tara wata yarinya aka ba, na faɗi sunanta yadda ya kamata. Daga nan sai na tsaya. Ɗan Gana ya leƙo daga bayan kyamara yana juya hannu, alamar in ci gaba. Na san matan Bronx suna ji, na Park Hill suna ji, ƙanwata a Kano ta kai wa Inna waya. Wadda nake so ta ji ce kaɗai ban sani ba ko ta kunna. Na ce a raina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Jama'a, kafin a fara," na ce, "akwai wadda ta saba sa rigar nan, yau ba ta zo ba. Wancan karon na yi ta ce mata mai lamba tara, kamar ba ta da suna. Tana da shi."

Sai na faɗe shi. Cikakke, da na babanta. Muryar da ta yi shekara shida a rediyo ba ta taɓa rawa ba, ranar ta yi.

"'Yata ce, ta fari. Duk filin nan ba mai tsallenta. Ranar da ta ci ƙwallon nan, na fi kowa murna, na danne ne. Laifina ne, ba nata ba."

Na ga maƙwabciyata a bakin fili, waya a kunne, ta rufe baki da gefen mayafi. Ɗan Gana ya ce a hankali, "Hajiya, an busa." Na share fuska na koma aiki. An ci mu a wasan, ci mai kyau ma, don duk ƙwallon da aka cillo sama 'yan ɗaya ɓangaren ke kwashewa. Na duba wayata a hutun rabin lokaci, na sake dubawa bayan an tashi. Saƙonni sun fi na wancan karon yawa, amma babu nata.

Da la'asar na hau tudun unguwarmu. A matakala ina ta lissafin cewa na zubar da mutuncina a gaban duniya, kuma wataƙila wadda aka yi dominta barci ma take. Ina laluben makulli a jaka sai ƙofa ta buɗe. Ita ce tsaye, idanunta sun yi ja.

"Na'am, Mama," ta ce.

Na tsaya ina kallon ta, ban gane ba.

"Kin kira ni." Da Hausa ta faɗa, Hausarta mai ɗan karkata. "Na amsa tun ɗazu, ba ki ji ba."

Kun san abin da na ce? Na ce, "Kin ɗora shinkafar?" Mai hali dai ba ya fasa halinsa. Ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ni ma sai nawa suka ɓalle. Na rungume ta a nan bakin ƙofa, ni da rabona da rungumar ta tun tana koyon tafiya, kaina ko kafaɗarta bai kai ba. Ƙannenta suka fito suna kallon mu kamar sun ga baƙi.

Asabar ta gaba takalma suka dawo bakin ƙofa, na ci gaba da tuntuɓe da su ina faɗa. Tallafin ya zo, ko da yake abokiyata ta ce mutanen can ba su fahimci ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa ba, 'yan mata masu hijabi suna wasan kakanninsu kawai suka gani, ya ishe su. Surutu kuwa na sha shi. Wata dattijuwa ta aiko min cewa ban kyauta ba, abin da iyaye suka bari ba a tozarta shi a bainar jama'a. Ban yi musu da ita ba, don na san inda ta dosa, ni ma can na fito. Inna ba ta taɓa tayar min da zancen ba har Allah ya karɓi abarsa. Abin da kawai ta ce wa ƙanwata shi ne a gaya wa mai rediyo muryarta ta tsufa.

Har yau ban ce kara mugun abu ba ce. Na san irin son da ke ɓoye a cikinta, a cikinsa aka raine ni. Abin da na koya shi ne wasu al'adun namu ba mutum ɗaya ke ɗaukar su ba, aikin gida guda ne, kowa da ɓangaren da yake riƙewa. In ka taho ƙasar da ba ka da kowa, sai ka duba wane ɓangare ka baro, in ba mai riƙe shi, kai ne za ka riƙe. A hawa na biyar ɗin nan ni ce uwa, ni ce goggo, ni ce kaka, kuma na yi shekara goma sha shida ina aikin mutum ɗaya daga ciki. Abin yana min ciwo in na tuna, don shekarun nan ba sa dawowa.

Yanzu ta gama jami'a tana aiki, ranar Asabar kuma ita ke koya wa ƙananan 'yan mata wasan, tunda gwiwar abokiyata ta ƙi. Sunan dai har gobe bai zama mai sauƙi a bakina ba. Ita ma ta sani. Shi ya sa in ta zo gida na kira ta daga kicin, sai ta yi kamar ba ta ji ba, ina hango ta ta ƙofa tana danne murmushi, tana jira in sake kira. Ni kuma sai in sake.